Robar Garin Ƙuli

Motar Dakta Sharhabil ce ta sauke Ummukulthum a ƙofar gida ranar da ta dawo daga biki a Kawo. Sanda, mijinta, yana tsaye a bayan labulen falo ya ga komai. Ya ga matar likitan a kujerar gaba, ya ga 'ya'yansu cunkushe a baya, ya kuma ga ruwan saman da ake shekawa wanda ya hana samun abin hawa zuwa Malali. Duk wannan bai zauna masa a rai ba. Abin da ya zauna shi ne dariyar da Ummukulthum ta yi lokacin da ta sunkuya ta taga tana cewa, "Na gode, Yaya."

Sharhabil ɗan kawunta ne. An taɓa raɗe-raɗin haɗa su tun tana sakandare, maganar ba ta je ko'ina ba, dangi duk sun manta. Sanda ne kaɗai bai manta ba. Shi ma ba ƙaramin mutum ba ne, babban jami'i ne a wata ma'aikatar jiha, yana da ofis nasa da mai kawo masa shayi. Amma ya lura da yadda surukansa ke gyara zama idan an ce Dakta ya iso, da yadda ko ciwon kai aka yi a gidan sai a ce a tambayi Dakta. Duk lokacin da aka ambaci sunan sai ransa ya ɓaci.

Ta shigo da sallama, bai amsa ba. Ta durƙusa ta yi bayanin ruwa da rashin keke, ya tashi ya bar mata falon. Ta san abin da ke tafe, don ba yau aka fara ba. Sanda ba ya duka, ba ya zagi, yana ma alfahari da hakan. Gaba ce hukuncinsa. Idan ya ɗaure fuska, babu magana, babu cin abincinta, har sai ranar da ya ga dama.

Akwai kuwa maganar da ya kamata ya yi mata a ranar. Da damina ta sauka ɓeraye sun addabi gidan, sun huda buhun shinkafa, sun ci wayar firiji. Da safen nan, bayan ta fita, ya buɗe ƙullin maganin ɓera da ya saya a hannun wani mai talla a bakin tashar Kawo, 'yan ƙwayoyi masu launin ƙasa a leda babu rubutu. Ya daka su a turmi, ya juye garin ƙulinta kusan duka a kai ya cuɗa, kamar yadda mai tallan ya ce. Ya barbaɗa kaɗan a bayan firiji da cikin sito, sauran ya zuba a wata roba irin wadda take ajiye kayan miya, ya ɗora a kan kanta da niyyar idan ta dawo zai ce kada ta taɓa. Ta dawo a motar Sharhabil, sai ya kama bakinsa.

Ummukulthum malamar firamare ce, kuma ana hutun ƙarshen shekarar karatu, don haka wuni take a gida. Akwai bishiyar zogale a bayan ɗaki da ta yi ganye shar. Tana son kwaɗon zogale, shi ma yana so, saboda haka ta riƙa yin sa kullum ko zai sauko ya ci. Ta jera masa a faranti da tumatir da albasa, ya wuce ko kallo babu, ya tafi Abakpa wurin mahaifiyarsa ya ci tuwo. Ita kuma ba ta iya zubar da abinci, sai ta ci nata ta ci nasa.

Ƙishirwa ce ta fara kama ta. Sanda ya riƙa ganin ledojin ruwa suna taruwa a kwandon shara, yana jin ƙarar ƙofar banɗaki ba ƙaƙƙautawa. Sai cikinta ya ɗaure, ta kasa bayan gida, sai amai. Wata safiya yana ɗaura agogo ta dafa bango ta ce masa jikinta babu ƙarfi, ƙafafunta kamar ba nata ba. Ya dube ta ta madubi ya ce a ransa dabara ce ta mata, tana so ya sauko ne ba tare da ta gane kuskurenta ba. Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Ranar Asabar ya tsinci mushen ɓera a sito, sai ya tuna da sauran maganin, ya shiga kicin don ya ƙara barbaɗawa. Robar ba ta inda ya ajiye ta. Tana ƙasa, a jere da yaji da daddawa, da cokali a ciki, saura ɗan kaɗan a gindi.

Ya daɗe a tsaye. Abin da ya fara zuwar masa tsoro ne tsantsa, har ya fita falo da sauri ya ɗauki makullin mota. Yana riƙe da makullin ne ya fara tunanin inda zai kai ta. Babban asibitin da suke da kati, nan Sharhabil yake aiki. Ko da wani asibitin ya kai ta, kafin a gama ɗaura mata ruwa danginta sun kira Dakta. Sai ya hango shi tsaye a kan gadonta da farar riga, yana riƙe da tsintsiyar hannunta, yana juyowa cikin ladabin nan nasa yana tambaya me ta ci. Ya hango kansa yana amsawa a gaban surukai, yana cewa shi ne ya ajiye guba a cikin kayan miya, kuma ya ƙi faɗa saboda yana fushi. Daga ranar, shi ne wanda ya kusa kashe ta, Sharhabil ne wanda ya cece ta, kuma haka za a riƙa ba da labarin a kowane biki da suna har ya mutu.

Ya mayar da makullin kan tebur. Ya ce wa kansa maganin ɓera ai na ɓera ne, me zai yi wa babban mutum. Da zai kashe ta da tuni ya kashe. Ya ƙulle robar a baƙar leda, ya taka har bolar bayan layi ya jefa. A hanyar dawowa ya tsaya a shago ya sayi gwangwanayen madara da kwalbar manja, don tun yana yaro ya san da su ake karya guba.

A ranar ya janye gabar. Ya shiga ɗaki da kofi a hannu, ya zauna a bakin gado, ya kira ta da Ummu, ya tallafo kanta yana ba ta madara. Hawaye suka zubo mata. Ta riƙe hannunsa tana ba shi haƙuri a kan maganar mota, ta ce ba za ta sake ba. Ya ce komai ya wuce. Ta sha don ta faranta masa, ta amayar, ya sake dama wata. Safe da rana da yamma madara ce, da cokalin manja a kai. Da ta tambayi dalili sai ya ce jini zai ƙara mata.

Mai kemis na bakin titi ya zo ya duba ta a tsaye, ya ce taifot ce da zazzaɓin cizon sauro, ya ba da ƙwayoyi kala-kala. Sanda ya ji daɗin wannan suna da aka sa wa ciwon, har ya riƙa maimaita shi ga maƙwabta. Amma Ummukulthum ba ta ji sauƙi ba. Leɓenta ya bushe ya tsage, idanunta suka faɗa, bayanta ya riƙa ciwo ta wajen ƙugu. Tana shan ruwa kamar ana zuba shi a rairayi.

Hajiya Aminatu, mahaifiyar Sanda, ta zo daga Abakpa ta duba ta. Da ta ji labarin amai da kasala sai fuskarta ta washe, ta ce ai wannan ba ciwo ba ne, ƙaruwa ce Allah ya kawo bayan shekara biyu ana jira. Sanda ya raka ta bakin ƙofa, a nan ya kasa riƙewa, ya gaya mata maganar robar cikin raɗa. Hajiya ta yi salati ta dafa ƙirji. Ya zaci za ta ce ya ɗauko mota. Sai ta waiga ta tabbatar babu mai jin su.

"Kada ka kuskura wannan magana ta fita," in ji ta. "Duk layin nan an san gaba kake da ita. Wa zai yarda kuskure ne? Danginta 'yan boko ne, sai su ɗaure ka, aikinka ya tafi. Ka ci gaba da ba ta madarar, ni ma zan aiko da kindirmo. Allah zai rufa asiri."

Ya koma ciki da sauƙi a ransa. Yanzu ba shi kaɗai ya yanke shawarar ba.

Washegari da hantsi Ummukulthum ta ce masa ita dai a kai ta asibiti, wannan ciwon bai yi kama da taifot ba, ta taɓa yin taifot. Ya ce asibiti layi ne da wulaƙanci kawai, maganin bai gama aiki ba ne. Sannan a hankali, kamar mai taka ƙaya, ta ce ko zai bari ta kira Yaya Sharhabil ta gaya masa yadda take ji, ko a waya ne, ba sai ya zo ba.

Sanda ya ajiye kofin da ke hannunsa. Ya tambaye ta ko a duk garin Kaduna likita ɗaya ne. Ya ce shi da ya bar aikinsa yana jinyarta, yana wanke mata kwanon amai, bai isa ba sai an kira wani. Ya ce dama ya san ciwon da biyu ne. Ta ce Allah ya ba shi haƙuri, ta juya fuska bango. Ya zare wayarta daga ƙarƙashin matashi ya ce hutu take buƙata. A falo ya zauna ya bi saƙonninta ɗaya bayan ɗaya yana neman sunan Sharhabil. Bai samu komai ba sai gaisuwar Juma'a a zauren dangi da hotunan biki. Ya buɗe hoton da suke tsaye cikin mutane, ya faɗaɗa shi da yatsu yana auna tazarar da ke tsakanin kafaɗarta da ta likitan. A ɗaki kuwa tana kakarin amai. Ya kashe wayar ya sa a aljihu.

Dama ya ɗauki hutu a ofis. Abokan aikinsa suka yaba, suka ce samun miji irin Malam Sanda sai an tona. Duk wanda ya zo dubiya sai ya tare shi a ƙofa ya ce ta samu barci. Mahaifiyarta ta kira shi daga Kawo tana tambayar me ya sami wayar Ummu, ya ce ta faɗa ruwa, ita kuma ɗan zazzaɓi ne, ta ma warware.

Daga nan hankalinta ya fara gushewa. Barci ya yi mata yawa, idan ta farka sai ta riƙa magana da 'yan ajinta, tana ce musu su zauna. Fitsarin da ya addabe ta ya ragu, ya koma ɗan kaɗan, Sanda ya ɗauki hakan alamar sauƙi. Wata rana da azahar yana goge mata fuska da tsumma, ta buɗe ido ta dube shi kamar baƙo.

"Yaya, ka zo?" ta ce. "Ka ce musu su ba ni ruwa."

Hannunsa ya tsaya. Tana da yayye maza biyu da take kira da wannan suna, amma bai tuna da su ba. Ya ce a ransa ga gaskiya ta fito, abin da ke ɓoye a zuciya shi ke fitowa idan hankali ya tafi. Ya jefar da tsumman ya fita tsakar gida yana huci, ya bar ta tana lasar busasshen leɓe. Sai da ya huce don kansa sannan ya koma da kofin madara.

Aziza ce ta fasa wannan kulle. Yayar Ummukulthum ce, akanta a wani ofishin gwamnati, mace mai kaifin baki da Sanda bai taɓa so ba. Hankalinta bai kwanta da labarin waya ba, ta baro ofis da rana tsaka ta zo. Ya ce mata an samu barci, ta ce za ta leƙa ko fuskarta ta gani, ta raɓa ta gefensa ta shige. Ya ji salatinta daga ɗaki. Ta fito tana kiran mai keke a waya.

Ya tsaya a ƙofar falo ya ce matar aure ba ta fita sai da izinin mijinta, kuma shi bai bayar ba.

"Yaya Sanda," in ji Aziza, "ƙanwata ba ta gane ni ba. Ko ka kama mini ita mu sa a mota, ko in tsaya a titi in tara maka unguwa. Zaɓi ɗaya."

Ya dubi tagogin maƙwabta. Ya ɗauko mota.

A asibitin wata likita ce ta karɓe su, Dakta Husaina, mace mai ƙaramin jiki da ba ta ɓata magana. Sharhabil ba a wannan sashen yake ba ma, likitan yara ne. Aziza ta kira shi, ya zo ya tsaya daga gefe, ya ce ba ya duba 'yan uwansa, amma ta faɗa hannu nagari. Ko taɓa ta bai yi ba. Sanda ya ga haka, amma bai rage masa komai ba. Ya ga yadda nas-nas ke gaishe da Sharhabil, da yadda surukarsa ta riƙe masa hannu tana kuka.

Da sakamakon awon jini ya fito, Dakta Husaina ta tara su. Ta ce akwai wani sinadari da ake kira kalsiyam, shi ke gina ƙashi, jiki yana buƙatar kaɗan ne a cikin jini. Na Ummukulthum ya hau fiye da kima, shi ya jawo ƙishirwa da amai da ruɗewa, kuma ya fara lalata mata ƙoda. Ta ce sun ɗaura mata ruwa mai yawa don su wanke shi, za su yi mata allurar da ke saukar da shi, amma dole su san abin da ke tura shi sama. Ta juya ga Sanda ta tambaye shi ko tana shan wani maganin ƙarin kuzari, ko na gargajiya, ko akwai wani abu a gidan da za ta iya haɗiya bisa kuskure, kamar maganin ƙwari ko na ɓera.

Maganar ta zo masa har maƙogwaro. Ya ɗaga ido, sai suka haɗa ido da Sharhabil da ke tsaye ya harɗe hannu yana sauraro.

"Babu," in ji Sanda. "Gidana babu irin wannan."

Saboda wannan amsa likitoci suka bi wata hanya. Aka yi hoton wuya ana neman ƙari, aka yi na ƙirji, aka ɗebi jini aka aika wani wuri. Dakta Husaina ta gaya wa iyayen cewa cikin abubuwan da ke kawo haka har da ciwon daji, sai su yi ta addu'a. Mahaifiyar Ummukulthum ta zube a baranda. Alhaji Idris, mahaifinta, tsohon ma'aikaci mai sanyin hali, ya kama hannun Sanda yana ba shi haƙuri, yana gode masa a kan ɗawainiyar da ya yi shi kaɗai. Sanda ya sunkuyar da kai ya ce ai yi wa kai ne. Kalsiyam ɗin kuwa ya sauka kaɗan ya sake hawa, ƙodar tana ƙara ja baya.

Asirin ya tonu ne daga inda bai zata ba. Hajiya Aminatu ta zo dubiya da kwanon kindirmo, ta zauna tana ƙoƙarin ɗura wa mara lafiya. Nas ta hango ta hana, ta ce likita ta haramta mata madara da nono da duk danginsu. Hajiya ta fusata, ta ce yaran zamani ba su san komai ba, tun kaka da kakanni da nono ake karya guba.

Aziza tana zaune a bakin gado tana yanka lemo. Ta ajiye wuƙar.

"Hajiya, wace guba?"

Hajiya ta fara kame-kame, ta ce ai misali take yi. Aziza ba ta sake ta ba, ta kira Dakta Husaina, aka kira Sanda daga masallacin asibiti. Da ya ga fuskar mahaifiyarsa ya san an gama. Ya faɗa a guntule, idonsa a ƙasa, yana ta nanata cewa kuskure ne kuma ya yi iya ƙoƙarinsa.

Dakta Husaina ba ta ɗaga murya ba. Ta ce akwai irin maganin ɓeran da ke kisa ta wannan hanya, yana sa jiki ya yi ta zuƙo kalsiyam daga abinci da ƙashi ya tara a jini, kuma yana daɗewa a jiki kafin ya fita. Madarar da ya riƙa ba ta cike take da kalsiyam, wato wutar ya riƙa ƙara wa itace. Ta tambaye shi yaushe ya gane. Ya ce ya kai mako biyu. Ta dube shi, sannan ta ce da a ranar ya kawo ta, da ƙarin ruwa da ƙwayoyi sun wadatar, da ƙila yanzu tana gida. Ta juya ta ba nas umarnin sabon magani, ta ce a shirya injin wankin ƙoda.

Sharhabil bai ce masa uffan ba. Ya fita ne kawai ya kama surukin Sanda da jiri ya ɗiba. Wannan shirun ya fi cin Sanda fiye da zagin da Aziza ta yi masa a baranda. Ko a wannan sa'a, da matarsa kwance an soka mata bututu a wuya, wani ɓangare na zuciyarsa lissafi yake yi na yadda ya faɗi a gaban mutumin nan.

Ummukulthum ta rayu. Hankalinta ya dawo a hankali, kalsiyam ya sauka bayan makonni ana fama. Ƙodar ce ba ta dawo ba. Likita ta ce za ta ci gaba da zuwa wanki sau biyu a mako, sai dai idan an samu mai ba ta tasa, kuma maganar ɗaukar ciki a ajiye ta tukuna. Da aka sallame ta, Kawo aka wuce da ita. Aziza ta so a kai magana wurin 'yan sanda, dattawan dangi suka taru suka hana, suka ce abin cikin gida ne, tonon silili ba ya gyara ƙoda.

Bayan wata guda Sanda ya zo biko da kawunsa Malam Yahaya da Hajiya Aminatu. Aka zauna a falon Alhaji Idris. Malam Yahaya ya yi doguwar nasiha a kan ƙaddara, ya ce abin da Allah ya rubuta babu mai kankare shi, yaron nan bai yi da niyya ba. Hajiya ta ce tsoro ne ya ruɗe su, kuma kishi ai so ne ke kawo shi, macen da mijinta ba ya kishinta ita ce abar tausayi. Ta ce ko yanzu ba ya cin abinci, duk ya rame. Alhaji Idris ya saurare su har suka gama, sannan ya ce ba shi aka yi wa ba, a kira mai abin.

Ummukulthum ta shigo tana dafa bango, ta zauna a ƙasa kusa da mahaifiyarta. Ta yi baƙi, hijabin ya yi mata yawa. Sanda ya ba da haƙuri, kuma har ga Allah a lokacin yana jin nadama. Ya ce zai ɗauki nauyin wankin duka, zai kai ta ya dawo da ita da kansa. Da ya tsaya a nan, da wataƙila dattawa sun ci ƙarfinta. Amma sai ya gyara zama ya ƙara da cewa alfarma ɗaya yake nema, a mayar da ita wani asibitin da ya samo a Abakpa, don a huta da sa bakin dangi a harkar gidansa.

Malam Yahaya ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Ummukulthum ta ɗago ta dube shi. Babu fushi a muryarta, gajiya ce kawai.

"Robar da ka ajiye, na yafe, kowa yana mantuwa. Amma ranar da ka shigo da kofi ka kira ni Ummu, na yi kuka don murna, na ce mijina ya huce. Ashe ka sani. Ka zauna kana kallona ina narkewa, kana auna wanda za a yaba da wanda za a zarga. Yau ma ba ni ka zo nema ba." Ta juya ga mahaifinta. "Baba, idan kun ce in koma, zan koma don ban taɓa saɓa muku ba. Amma duk abin da ya miƙo mini a gidan nan ba zan iya sha ba, ko ruwa ne."

Alhaji Idris ya share ido da bakin rawaninsa, ya ce wa Malam Yahaya sun ji da kunnensu, a sawwaƙe mata.

Sanda ya koma aiki. Babu wanda ya tuhume shi, babu abin da ya ragu a matsayinsa. Idan aka tambaye shi a ofis ko a majalisar bayan la'asar, yakan girgiza kai ya ce dangin mace ne suka kashe masa aure, musamman wani ɗan uwanta likita da dama can yana da ra'ayi a kanta. Masu sauraro su jinjina, su ce Allah ya musanya masa da mafi alheri. Hajiya Aminatu har ta fara cigiya a Abakpa, tana cewa ɗanta ba ya duka, ba ya zagi, kishi ne kawai da shi, kuma akwai iyayen da suka ji haka suka ce ai wannan ba aibi ba ne.

Ummukulthum ba ta koma aji ba. Ranakun Litinin da Alhamis Aziza ke ɗaukar ta daga Kawo zuwa asibiti, ta kwanta injin ya yi ta juya jininta har la'asar. Matar da ke shan ruwa babu ƙoshi a lokacin ciwon, yanzu da ɗan ƙaramin kofi ake auna mata na wuni guda. Shekararta ashirin da bakwai.